Ritot ɗin ƙona zinari: yana kama zaiba, amma sai da haƙuri

Sana'ata sayen zinari daga hannun masu haƙa a yankin Anka. Duk wanda ya san harkar ya san yadda ake yi: a niƙa dutse, a wanke, a zuba zaiba ta kama ƙwayoyin zinarin, a matse a ƙyalle, sannan a ɗora ɗan curin a cokali bisa garwashi. Kusan rabin curin nan zaiba ce. Tana tafasa a zafin digiri 357, ta zama tururin da ido ba ya gani, ta fara bi ta hancin wanda ya duƙa a kai kafin iska ta kwashi sauran.

Tun bara na koma ƙonawa a cikin ritot. Wani mai walda a Gusau ya haɗa mini shi da guntayen bututun ƙarfe: ɗan kofi mai murfin murɗawa inda ake sa curin, sai bututu mai lanƙwasa da bakinsa ke sauka cikin kwanon ruwa. Tururin na bin bututun, ya huce, ya ɗiga cikin ruwan a matsayin zaiba. Masana sun ce ritot mai kyau na kama fiye da kashi 90 cikin 100. Ba ni da ma'aunin tabbatar da wannan lissafi, amma kwalbar da nake tarawa tana cika, kuma ɗanɗanon ƙarfe da nake kwana da shi a baki bayan ranar ciniki ya ɗauke.

Abin da ya sa na nemi ritot tun farko shi ne bayanin da wata ma'aikaciyar lafiya ta yi mana kan raɓa. Akasarin zaibar da ta tashi tana iya yin watanni, har kusan shekara, tana yawo a sama, shi ya sa hayaƙin Zamfara kan sauka a wata ƙasa. To amma wani ɓangare na sauya kama a cikin iska ya zama mai narkewa a ruwa, wani kuma ya manne wa ƙura. Waɗannan su ne raɓa ke kamawa. Da dare ganye ya yi sanyi, laima ta kwanta a kansa, sai ya riƙa zuƙe abin da ke cikin iskar da ke kusa da ƙasa kamar yadda jiƙaƙƙen tsumma ke ɗaukar ƙura. Rana na fitowa raɓar ta bushe, wani kaso ya koma sama, wani ya zauna a kan ganyen ko ya gangara cikin ƙasa. Ta faɗa mana gaskiya cewa abin da raɓa ke saukewa bai kai na ruwan sama ba. Sai dai ni na san inda nake ƙonawa: bayan gida, kusa da zogale da ramar da uwargida ke tsinka da sassafe, a ƙarshen damina lokacin da raɓa ke jiƙa ƙafar wando. Abin da ya shiga ƙasa kuma ruwa na kai shi gulbi, can ƙananan halittun da ido ba ya gani su mayar da shi guba mafi muni da ke taruwa a jikin kifi. Irin wannan gubar ce ta nakasa mutanen Minamata a Japan, inda aka gano cutar a 1956, kuma sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba, wadda Najeriya ta amince da ita a 2018.

Mu a nan ba sai an ba mu labarin wata ƙasa ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga ƙurar dutsen da ake niƙawa cikin gidaje. Dalma daban, zaiba daban, amma hanyar da suke shigowa gida ɗaya ce, mu muke kawo su da hannunmu.

Matsalolin ritot kuwa ba ƙanana ba ne. Babbar ita ce mai kaya ba ya ganin zinarinsa yayin da ake ƙonawa. Mutum ya kwana rami, ya zo da ɗan curin da bai kai ƙwayar wake ba, ka ce zai ɓace cikin ƙarfe na tsawon lokaci? Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, abin da idona bai gani ba zuciyata ba ta yarda da shi." Ban ga laifinsa ba. Yanzu mai kaya nake ba kofin ya duba, ya sa curin da kansa, ya murɗa murfin, shi zai buɗe kuma idan ya huce. Duk da haka akwai waɗanda suka koma wajen masu cokali.

Ritot ɗin yana cin gawayi, yana cin lokaci, zinarin kuma kan fito da ɗan duhu sai an sake gyara shi. Nawa ya zo da mahaɗa mai yoyo, sai da na shafe ta da laka. Sabon ritot ba ya ba da zaiba sosai a ƙonawar farko, domin tana fara lulluɓe cikin bututun ne, kuma a fara ƙona shi babu komai ciki a fili, nesa da mutane. Abu biyu nake roƙon kowa ya kiyaye. A ɗaga bakin bututun daga ruwa kafin a janye wuta, in ba haka ba ruwa na iya komawa cikin ƙarfe mai zafi ya fashe. Kada kuma a buɗe shi da zafinsa, don tururin da ya rage fuskarka zai nufa.

Zaibar da aka tara ana ajiye ta a kwalba mai murfi da ɗan ruwa a samanta, inda yara ba sa kaiwa, shi ma ritot ɗin ba a ɗaki yake kwana ba. Wanda zai sa a haɗa masa, ya ce wa mai walda kofin ya zama ƙarami daidai curin da yake saye, ya kuma gwada mahaɗar da ruwa a gabansa kafin ya biya.