Tirela mai ƙafa 31 a bayan a-kori-kurata: abin da dillalin bai faɗa mini ba

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan sharhi, saboda ban so in yi rubutu rai a ɓace. To, wata huɗu ke nan ran bai huce ba, gara kawai in amayar da abin da ke cikina ko wani ɗan'uwa zai amfana. Mu da ke zaune a jihar Colorado ta Amurka kun san yadda abin yake, da zarar zafi ya shigo sai ka ga maƙwabta sun ɗaura tirelar tafi-da-gidanka a bayan mota sun nufi duwatsu. Shekara uku uwargida tana yi mini maganar. Hujjarta kuwa mai ƙarfi ce: a cikin tirela za ta dafa mana abin da muka yarda da halaccinsa, ga wurin alwala, ga sutura, ba sai mun bi otal-otal muna tambayar me aka sa a miya ba.

Ita kanta tirelar ba ni da abin faɗa a kanta. Tsawonta ƙafa 31, da gadonmu a gaba, da gadaje masu hawa na yara a baya, da kicin da banɗaki. Ta yi kyau, kuma ba ta taɓa yoyo ba. Da a ce a kanta kaɗai nake magana da na ba ta tauraro huɗu cikin biyar.

Matsalata da wanda ya sayar mini da ita ce. Sau uku na tambayi mutumin nan ko motata za ta iya. A-kori-kura ce irin wadda ake kira mai rabin tan, ajinsu F-150 da Silverado 1500 da Tundra, mai ƙofa huɗu. Ya leƙa ta taga, ya hango ta a fakin, ya latsa kwamfuta, ya ce motarka tana jan laba 9,100, wannan tirela kuwa laba 6,200 ce, ba ma za ka san tana bayanka ba. Wallahi haka ya faɗa. Bai tashi daga kujerarsa ba, bai buɗe ƙofar motar ba. Ni kuma na yi lissafi a kaina, na ga rarar kusan laba 3,000 (laba ɗaya ta ɗan gaza rabin kilo), na sa hannu a takarda ina murna.

Ƙarshen watan Mayu muka shirya zuwa gandun dajin shaƙatawa na Yellowstone. Daren tafiya na cika tankin ruwa, galan 45, uwargida ta shigar da shinkafa da man gyada da tukwane da naman da ta daskarar, yara suka loda kekunansu. Da na ɗaura tirelar sai na ga bayan motar ya durƙusa, gabanta ya ɗaga, fitilu suna kallon sama. Abin bai yi mini daɗi ba. Sai na yi abin da nake ganin hikima ce, na kwashe duk kaya masu nauyi daga gaban tirelar na mayar can ƙarshenta, ƙarƙashin gadajen yara, don in rage wa motar nauyi. Bayan motar kuwa ya ɗan ɗago. Na kwanta da kwanciyar hankali.

Daga Denver zuwa Fort Collins lafiya lau. Muka bi ta hanya mai lamba 287 zuwa Laramie, nan ma ban da ɗan lilo kaɗan-kaɗan da na ɗauka haka jan tirela yake. Sai da muka hau babbar hanyar I-80 muka nufi Rawlins. Wanda ya san wannan yanki na Wyoming ya san iskarsa, tsakanin Arlington da Elk Mountain, inda hukumar hanyoyin jihar kan rufe hanya ga motoci marasa nauyi masu tsayi idan iska ta tsananta. A ranar ba a rufe ba, amma allunan gargaɗi suna kunne. Ina tafiya a kan mil 68 a awa, a wata 'yar gangara, sai wata babbar motar kaya ta zo wuce ni ta hagu. Na ji kamar an tura bayan motata dama, sannan aka tsotso ta hagu. Na duba madubi, sai na ga gefen tirelata gaba ɗaya, har rubutun da ke jikinta ina karantawa. Kafin in ƙifta ido ta koma ɗaya madubin. Kowane lilo ya fi na bayansa faɗi. Sitiyari ya zama kamar ba a haɗe yake da komai ba. Uwargida ta dafe gaban mota tana ta "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un", babbar 'yata tana kiran "Abba! Abba!", auta kuwa ko kuka ya kasa, ido kawai ya zaro.

Ƙafata ta riga ta tafi kan birki. Allah ne ya tuna mini da wata magana da na taɓa ji a wajen wani abokin aikina, cewa idan tirela ta fara rawa kada ka taka birkin mota, kada kuma ka bi ta da sitiyari. Na janye ƙafa daga birki ban koma kan totur ba, na riƙe sitiyari a miƙe da hannu ɗaya, na kai ɗayan kan ɗan akwatin birkin tirela da ke ƙasan dashbod na matse shi. Wannan yana taka birkin tirelar ita kaɗai, sai ta ja motar baya kamar an miƙar da igiya. Lilo biyu ta ƙara, sannan ta daidaita. Na gangara gefen hanya. Minti goma na yi ban iya sakin sitiyarin ba, gwiwoyina suna karkarwa. Babu wanda ya ce uffan a cikin motar sai iska da ke ta girgiza mu.

A kan mil 45 na lallaɓa muka isa Rawlins, na shiga wani gidan man manyan motoci. Ina tsaye ina zagaya tirelar ina neman abin da ya karye, sai wani dattijo Bature da ke jan tasa tirelar ya matso. Bai tambaye ni nawa motar take ja ba. Cewa ya yi in buɗe ƙofar direba. A jikin ginshiƙin ƙofar akwai wata sitika mai launin ɗorawa da fari, wadda shekara biyu ina wuce ta ina ɗaukarta ta iskar taya ce kawai. A samanta an rubuta cewa nauyin mutane da kaya a haɗe kada ya wuce laba 1,480, wato kilo 670 da ɗoriya. Ya ce wannan ita ce lambarka, ba 9,100 ba. Ja daban, ɗauka daban. Jaki yana iya jan amalanken da ba zai iya ɗaukar rabin kayansa a gadon baya ba, wannan misalin ni na ba kaina daga baya, amma abin da dattijon yake nufi ke nan.

Ya raka ni kan sikelin da direbobin manyan motoci suke hawa, dala goma sha wani abu ake biya. Mun auna mota da tirela a haɗe, muka cire tirelar muka sake auna motar ita kaɗai. Tirelar da aka ce mini 6,200 ce, 7,400 ta nuna. Waccan lambar ta dillali nauyinta ne ranar da ta fito daga masana'anta, babu ruwa, babu abinci, babu ko cokali. Ruwan tanki kaɗai ya kai laba 375, tunda kowane galan ya ɗan haura laba 8. Wuyan tirelar, wato nauyin da take dannawa a kan ƙugiyar mota, laba 590 ne kacal, kashi 8 cikin 100 na nauyinta. Ƙa'ida ita ce ya kasance tsakanin kashi 10 zuwa 15. Idan ya gaza haka nauyi ya koma bayan tayoyin tirela, sai ta riƙa kaɗa jela, kuma gudu da gangara da iska suna ƙara mata. Kayan da na mayar baya daren tafiya su ne suka kusa kashe mu.

A nan na ɗan sauko daga fushin da nake yi da dillali, don gaskiya ɗaya ce, da hannuna na loda kayan nan. Littafin motar yana cikin aljihun dashbod ban taɓa buɗe shafin jan tirela ba. Na ce wa uwargida laifina ne, ta ce, "Maigida, mu dai gode wa Allah." Muka kwashe kayan muka dawo da su gaba, muka sake hawa sikeli.

Sai ga ɗaya fuskar matsalar ta bayyana. Wuyan ya koma laba 960, kashi 13, daidai yadda ake so. Amma wannan 960 ɗin a cikin 1,480 ɗin nan za a cire ta. Mu biyar mun kai laba 640. Ƙugiyar da ke rarraba nauyi, da sandunanta, laba 90. Janareta da kula da kekuna a bayan mota, 290. Jimilla 1,980. Na wuce abin da motar za ta ɗauka da laba 500 cif. Idan na mayar da kaya baya tirela ta yi rawa, idan na kawo su gaba motar ta durƙusa. Gaba kura, baya sayaki. Babu wata dabarar lodi da za ta sa wannan tirela ta dace da wannan mota da iyali biyar a ciki, kuma wannan lissafin da mutumin nan zai iya yi mini cikin minti biyu da ya taso ya buɗe ƙofa.

Daga baya na bi diddigin inda 9,100 ta samo asali. Ba ƙarya ba ce, akwai ma'aunin da kamfanonin motoci suke bi, SAE J2807, har da gwajin hawa doguwar hanyar tudu ta Davis Dam a Arizona cikin tsananin zafi. Amma a gwajin ana lissafa mutum biyu ne kawai a mota, kowanne laba 150. Babu yara uku, babu janareta. Haka kuma lambar ba ta cewa komai game da tsawo. Tirelar kwana bango ne mai tafiya, iska tana samun wurin kamawa. Dattijon ya ba ni wani ƙiyasi da masu jan tirela suke amfani da shi, ba doka ba ce: tazarar inci 110 tsakanin tayoyin gaba da na baya na mota ta isa tirela mai ƙafa 20, kowane ƙarin inci 4 kuma ƙarin ƙafa ɗaya. Tawa inci 145 ce, ke nan iyakata ƙafa 28 zuwa 29. Ko ta nan ma na zarce.

Yellowstone dai ba mu je ba. Na zubar da ruwan tanki, na mayar da kayan bayan mota cikin tirela daidai saman tayoyinta, duk da haka da sauran wajen laba 200 a sama. Muka kwana biyu a Rawlins, ranar ta uku bayan sallar asuba, kafin iska ta tashi, muka kamo hanyar gida a kan mil 55.

Na koma wajensu da takardun sikeli a hannu. Na ɗauka ko haƙuri za a ba ni. Manajan ya nuna mini wani layi a cikin takardun da na sa wa hannu, wai alhakin tabbatar da dacewar mota a kan mai saye yake. Shi kuma wanda ya ce ba zan san tana bayana ba, cewa ya yi ai motar ta ja ta, ko ba ta ja ba? Sannan ya ba ni shawara in sayi mota mai kashi uku cikin huɗu na tan. Wannan maganar ce ta dawo mini da fushina sabo fil, har ya fi na farko. Na faɗa masa 'ya'yana uku suna cikin motar nan. Ya ce ya fahimta. Bai fahimta ba, don a gabana wasu ma'aurata suka shigo da jariri, na ji shi yana karanta musu lambar ja ta motarsu kamar yadda ya yi mini. Na bi su har waje na nuna musu sitikar ƙofarsu.

Farashin da suka yi mini tayi don su karɓi tirelar ba zan ma faɗe shi ba, cin fuska ne. Na sayar da ita da kaina ga wani mai babbar mota, bayan na sa shi ya buɗe ƙofarsa na gani da idona, na yi asarar kusan dala 6,000. Tauraro huɗun da na ce zan ba tirelar ma na janye ɗaya, don a takardar tallarta an rubuta da manyan baƙaƙe cewa mota mai rabin tan za ta ja ta, nauyin wuyan da suka buga kuwa na tirelar da babu batir ne babu kaya. Dillalin kuwa ɗaya na ba shi, shi ma don shafin ba ya karɓar sifili.

Yanzu mai ƙafa 23 muke da ita, a wani wurin na saya. Da kayanta duka laba 5,000 take nunawa a sikeli, wuyanta 650, kuma bayan mota ba na sa komai sai tabarma. Rarar laba 100 ta rage mini, yara kuma girma suke yi, na san baɗi sai na sake lissafi. Ta matse, uwargida tana ƙorafin kicin ɗin, yara biyu suna raba gado ɗaya. A watan Agusta mun hau I-70 da ita, mun bi ta ramin Eisenhower, hanyar da aka huda cikin dutse a tudun ƙafa dubu 11 da ɗoriya sama da teku, mun gangara Silverthorne a ƙaramar giya, ko sau ɗaya ba ta motsa jela ba. Babbar 'yata dai har yanzu idan babbar mota ta zo wuce mu sai ta juya ta kalli baya.