Kafin ka sari murfin kwalba: wanne ke hana yaro buɗewa, wanne ke fito da sunan kayanka

Masu ƙananan sana'o'i a Birnin Kebbi, Jega, Argungu da Yauri, daga mai sabulun ruwa da maganin wanke banɗaki zuwa mai zuma, man gyaɗa, kunun aya da maganin gargajiya, galibi kwalba suke fara nema, murfi kuma duk wanda aka haɗo musu da shi. A ganina an juya lamarin. Murfi shi ke hana yoyo a bayan mota tsakanin Kano da Kebbi, shi ke tsare kaya daga algus, kuma idan abin da ke ciki guba ne, shi kaɗai ya rage tsakanin yaro da asibiti a lokacin da uwa ta juya baya.

Abu na farko da ake yawan ruɗewa a kai: murfin da ke da zobe a ƙasa, wanda ke tsinkewa idan an murɗa karon farko, ba ya hana yaro komai. Aikinsa shaida ne cewa ba a taɓa buɗe kwalbar ba. Da zarar zoben ya tsinke, ɗan shekara biyu ma zai kwance shi. Don haka idan mai sari ya ce maka "Alhaji, wannan ai mai tsaro ne", tambaye shi tsaron me, na algus ko na yara. Akwai murfin da ya haɗa biyun, amma sai ka nema da sunansa.

Murfin hana yara iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Na farko shi ne wanda sai an danna ƙasa sannan a murɗa. Murfi biyu ne a haɗe, na ciki shi ke riƙe da bakin kwalba, na waje yana juyawa a banza yana ƙas-ƙas har sai an danna shi haƙoransa sun kama na ciki. Wani likitan yara a Kanada, Henri Breault, shi ya tsaya kai da fata har aka samar da irinsa a 1967, saboda yawan yaran da ake kawo masa sun sha magani, kuma a 1970 Amurka ta kafa dokar tilasta irin wannan marufi ga magunguna da sinadarai masu haɗari. Amfaninsa gare ka shi ne yana hawa kwalba mai baki na yau da kullum muddin awon ya yi daidai, ba sai ka sauya kwalba ba. Aibinsa tsada, domin roba biyu ka saya, sannan mai arha daga cikinsa haƙoransa kan cinye, ya koma yana juyi ba ya buɗuwa ko da babba ne ya danna.

Na biyu shi ne wanda ake matse gefensa biyu sannan a murɗa. Roba ɗaya ce, shi ya sa ya fi sauƙin kuɗi, amma ba ya aiki sai da kwalbarsa, wadda ke da 'yan ƙusoshi a wuya da murfin ke maƙalewa a jikinsu. Ka ɗora shi a kan kwalbar da ba ta da su, ka sayi murfi na kawai da kuɗin mai tsaro. Wanda zai sayi kwalba da murfi a wuri ɗaya, wannan ya ishe shi. Wanda ya riga ya tara kwalabe, na dannawa ya fi masa.

Kada a ɗauka wani murfi yana hana yaro buɗewa har abada. A gwajin da dokar Amurka ta tanada, ana ba yara 'yan wata 42 zuwa 51 minti 5 su gwada, a nuna musu yadda ake yi, a ƙara musu minti 5. Ana so aƙalla kashi 85 cikin ɗari su kasa a zagayen farko, kashi 80 su kasa bayan an nuna musu, sannan kashi 90 na manya 'yan shekara 50 zuwa 70 su iya buɗewa. Ma'aunin duniya na irin wannan marufi shi ne ISO 8317, kuma kwalba da murfi tare ake gwadawa. Idan kamfani ya ce murfinsa ya ci jarrabawa, nemi takardar, ka duba da wace kwalba aka gwada shi. Jinkiri kawai murfin ke sayo wa iyaye.

To wa ke bukatarsa? Duk mai zuba abin da zai cutar idan an sha: sinadarin wanke banɗaki, ruwan cire datti mai ƙone fata, maganin sauro, maganin feshin gona, da maganin sha mai ƙarfi. A ƙasar noman shinkafa irin fadamar Argungu da gonakin albasa na Aliero, maganin ciyawa da na ƙwari ba sa rabuwa da gidaje, kuma mun san yadda ake tsiyaya su, su da kananzir da fiya-fiya, a gorar lemo da aka sha aka yar. Yaro bai san bambanci ba, gorar da ya saba sha a ciki ya gani. NAFDAC tun 2019 ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari irin su Sniper a kasuwanni da kantuna. Maganin gona a bar shi a mazubinsa na asali, wannan ba wurin neman sauƙi ba ne. Mai zoɓo, fura da nono ko zuma kuwa, kada ya ɓata kuɗinsa a murfin hana yara, zai ma kori tsofaffin da hannunsu ba ƙarfi. Murfi mai zobe ya wadatar.

Sai batun awo, inda aka fi tafka asara. Za ka ga an rubuta 28/410 ko 24/410 ko 28/400. Lambar farko faɗin bakin kwalba ne a milimita, ta biyu kuma tsarin murɗin da tsawon wuyan. Murfin 28/400 da na 28/410 faɗinsu ɗaya, amma ba lalle su zauna a kwalba ɗaya ba tare da yoyo ba. Haka gorar lemo: akwai PCO 1810 mai dogon wuya da PCO 1881 mai gajere, duka milimita 28, kuma ba sa musanya. Kada ka yi oda ta waya da cewa "irin na gorar ruwa". Aika kwalbarka ko ka karɓo samfur, ka cika ta da ainihin kayanka, ka rufe, ka kwantar da ita kife a cikin mota da ke ajiye a rana ta yini guda. Zafin Afrilu a Kebbi yana haura digiri 40, shi zai gaya maka gaskiyar da mai sari bai faɗa ba.

Robar murfi yawanci PP ce ko HDPE, masu lamba 5 da 2 a cikin alamar kusurwa uku da ake bugawa a jikin kayan roba, kuma dukansu suna jure yawancin sinadaran wanki. Murfin ƙarfe ko alminiyam ya fi kyau a kwalbar gilashi ta turare ko maganin sha, amma ruwan cire datti yana cin sa. Duba abin da aka shimfiɗa a cikin murfin. Farin soso na roba ya isa ga yawancin ruwaye. Takardar da ke mannewa da matsi kawai ta kayan gari ce, irin su yaji da garin magani, mai yana ɓanɓare ta. Mai man gyaɗa ko zuma da ke aika kaya nesa ya fi dacewa da fallen alminiyam da ake liƙewa da na'urar zafi. Akwai ƙaramarta ta hannu, sai dai tana son wuta tsayayya, kuma fallen da aka yi wa kwalbar PET, wato irin robar gorar ruwa da lemo, ba lalle ya kama ta HDPE ba.

Kan tambari, ra'ayina a fili yake: mai farawa kada ya taɓa batun sassaƙa sunansa a jikin murfi. Wannan sai an ƙera maka mazubin ƙarfe naka na kanka, wanda ake zuba narkakkiyar roba a ciki ta fito da siffar murfi, kuma masana'antun roba, ko na Sharaɗa da Bompai a Kano ko na Legas, ba sa kunna inji don kaɗan. Buga suna da tawada a saman murfi ya fi sauƙi, amma shi ma akwai mafi ƙarancin adadin da suke karɓa. Abin da ya fi araha kuma yake aiki shi ne ka zaɓi launin murfi ɗaya daga waɗanda ake da su, ka tsaya a kansa, har mai saye a kasuwar Jega ya fara cewa "ba ni mai jan murfin nan". Sauran kuɗin a zuba a sitika. Ta takarda tana narkewa a kular ƙanƙara, mai kuma yana ɓata ta, don haka mai abin sha da mai man shafawa su nemi ta roba. Ledar da ake sa wa wuyan kwalba a hura mata zafi ta ƙanƙame tana yin aiki biyu, ga sunanka ga shaidar ba a buɗe ba.

A jikin sitikar dole a samu sunan kaya, abin da aka haɗa, adireshin mai yi, lambar rukuni, ranar yi da ranar lalacewa, da lambar rajistar NAFDAC ta gaske. Ga kayan guba, a sa alamar ƙoƙon kai da gargaɗi da Hausa, in da hali har da ajami, domin a ƙauyukanmu masu karanta shi suna da yawa. Mai kai kaya ta Kamba zuwa Nijar ya ƙara Faransanci. Kuma don Allah, masu sabulun ruwa mai ƙamshin lemo, a daina sa hoton lemon zaƙi a jikin gora mai kama da ta abin sha.

Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ta hana wani kwaikwayon tambarinka. Wannan aikin ofishin rajistar alamun kasuwanci ne da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya, rajistar farko tana kai shekara 7, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. A bincika ko wani ya riga ka sunan tun kafin a biya kuɗin buga sitika dubbai.