Point Park a kan Dutsen Lookout: a je da safe, amma a duba hazo

Wanda ya shiga Chattanooga a jihar Tennessee ta Amurka, ina ba shi shawara ya hau Dutsen Lookout. A nan sojojin Arewa ƙarƙashin Janar Joseph Hooker suka fatattaki 'yan Kudu ranar 24 ga Nuwamba 1863, lokacin yaƙin basasar Amurka. Hazo ya rufe dutsen ranar, shi ya sa ake kiransa yaƙin saman gajimare.

Ƙofar shiga Point Park, wurin tunawa da yaƙin a saman dutsen, kamar ta ganuwa take, da hasumiya biyu. Ciki akwai igwa jere a bakin dutse, bakinsu na kallon gari, ga kogin Tennessee ya yi lanƙwasa a ƙasa. Abin da ya fi tsayar da ni shi ne dogon ginin tunawa da jihar New York ta kafa: a samansa sojan Arewa da na Kudu suna musabaha. Ni dai na ga an yi saurin sasanta su, alhali bauta ce tushen rigimar.

Wani abu da mutane ke tsallakewa: ba a ƙololuwa aka yi yawancin gumurzun ba, a gangare ne, wajen wani tsohon gida da ake kira gidan Cravens. Ku sauka can in gwiwa za ta ɗauka, matakalan ba na tsofaffi ba ne.

Ana biyan kuɗin shiga, kuma ya cancanta. Ku riƙe ruwan sha da rigar sanyi, iskar saman tana ratsa ƙashi. In kuka tarar da hazo, ku fara da ɗakin baƙi, inda katafaren zanen yaƙin yake, har hazon ya washe.