Na'urar auna salfa a duwatsu da laka: wacce za a saya, wacce za a haƙura da ita?

Kafin shugaban sashe ya sa hannu a takardar odar na'ura, ya fara tambayar kansa me ake son sani game da salfa, wato farar wuta, da ke cikin samfurin. Yawanta kawai? Ma'adinin da take ciki? Ko asalin inda ta fito? Kowace tambaya da kayan aikinta, kuma kuɗin ta ƙarshe ya ninka na ta farko nesa ba kusa ba.

Idan yawa ake nema, na'urar ƙonawa ta wadatar. Kamfanin LECO na Amurka da Eltra da Elementar na Jamus duk suna ƙera ta. Ana niƙa dutse ya zama gari, a ɗebi abin da bai kai rabin giram ba, a zuba a ɗan kaskon tangaran, a tura cikin tanderu mai zafin kusan digiri 1,350 da iskar oksijin ke ratsawa. Salfar ta koma iskar SO2, ma'aunin hasken infirared ya karanta, cikin 'yan mintoci sakamako ya fito a kwamfuta. Mai gwada kwal irin na Maiganga a Gombe ko na Anou Araren a Nijar ba ya buƙatar fiye da haka. Sai dai ma'adinai masu taurin kai irin barait, wani ma'adini mai nauyi da ke ɗauke da salfa, ba sa sakin salfarsu duka a wannan zafin. Su sai tanderun da ke aiki da maganaɗisun lantarki, wanda ake barbaɗa wa samfurinsa garin ƙarfe da tungistan. A faɗa wa dillali irin duwatsun da za a riƙa gwadawa tun kafin ya kawo farashi.

Dillalai na son tallata XRF ta hannu, na'ura mai kama da bindiga da ke haska dutse da hasken X-ray ta karanta sinadaran cikinsa. Tana da kyau wajen gano dalma da tagulla a filin haƙa, amma salfa ba ta da nauyi, siginarta rarrauna ce, danshi ko ƙura kaɗan sai ya karkatar da lissafin. Ni dai ba zan rubuta rahoto da lambarta ba.

Jimilla kuma ba ta bambanta jifsam, farin ma'adinin da ake sa wa siminti, da fairait, ma'adinin ƙarfe da salfa mai ƙyalli kamar zinare. Jifsam irin na Dange a Sakkwato ba ya damun kowa, fairait kuwa da ya haɗu da iska da ruwa sai ya haifi asid mai lalata rafi da rijiya. Rarrabe su aikin kwalabe ne, kuma shi ne mafi araha a duk jerin. Ana sa samfuri a tulun gilashi, a kori iskar ciki da naitirojin, a zuba asid ɗin HCl ya fitar da salfayid, wato salfar da ke haɗe da ƙarfe, mai saurin narkewa. Daga nan a ƙara ruwan sinadarin kuromiyam a dafa, bisa hanyar da Donald Canfield da abokan aikinsa suka wallafa a 1986, fairait ya narke. Iskar H2S, mai ɗauke da salfar, da ke tashi tana bi ta siririn bututu zuwa kwalbar ruwan sinadarin azurfa, sai ka ga baƙin gari na kwantawa a gindinta. Wannan garin shi ake tacewa a busar a auna. Kada a sayi kwalaben a manta da akwatin zuƙe hayaƙi: H2S na warin ruɓaɓɓen ƙwai da farko, in ta yi yawa hanci ya daina jin ta, kuma tana kisa. A haɗa da firiza, domin baƙar laka da aka bari a iska ja take komawa, salfayid ɗin ya tafi.

Tambayar asali ce ke cin kuɗi. Ƙwayar zarrar salfa iri huɗu ce a nauyi, 32 da 33 da 34 da 36, su ake kira aisotof. Mai lamba 32 ta kai kashi 95 cikin ɗari, mai 34 kashi 4 da ɗoriya. Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin laka sun fi ɗaukar mara nauyin, shi ya sa fairait ɗin da suka samar yake bambanta da salfet ɗin teku, wato salfar da ke narke a ruwansa, wanda rabon 34 ɗinsa ya ɗara na ma'aunin da duniya ta amince da shi da +21 cikin dubu. Da haka ake gane ko salfar tozalin Zurak ta jihar Filato daga tsohon teku ta fito ko daga narkakken dutse. Na'urar da aka fi amfani da ita EA-IRMS ce, mai ƙona samfuri ta rarrabe ƙwayoyin salfar bisa nauyinsu, irin Delta V ta Thermo Fisher ko ta Sercon da ke Ingila, kuskurenta bai cika wuce 0.3 cikin dubu ba. Sayen dokin ba shi ne wahala ba, harawarsa ce: iskar hiliyam da ake shigowa da ita daga waje, famfunan zuƙe iska da ba a kashewa dare da rana, ɗaki mai sanyi, da wutar da ba ta ƙiftawa. Ɗaukewar wuta sau ɗaya na iya cin aikin kwanaki. SO2 kuma tana maƙalewa a bututu, samfurin baya ya gurɓata na gaba.

Masu bin 33 da 36 suna mayar da salfa iskar SF6 ta amfani da fulorin, sinadari mai haɗarin gaske. Da irin wannan aunin James Farquhar ya nuna a 2000 cewa duwatsun da suka haura shekara biliyan 2.4 na ɗauke da alamar lokacin da sararin duniya ba shi da oksijin. Wannan hanya, da wasu na'urorin aisotof irin MC-ICP-MS da SIMS mai auna ɗigo guda a jikin ma'adini, na manyan cibiyoyi ne. Ba sai an ɓata lokaci a kansu ba.

Shawarata ga sashen da ya samu tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun Najeriya, ko makamancinsa: ya sayi na'urar ƙonawa da kwalaben rarrabewa, ya ware kuɗin gas da kayan gyara na shekaru, aunin aisotof kuwa ya aika waje. Baƙin garin nan ba ya lalacewa, 'yan miligiram sun isa, a ambulan ake aika shi. A tambayi ɗakin gwajin ko da ma'aunin VCDT, wanda duniya ke kwatanta aisotof ɗin salfa da shi, suke ba da sakamako, kuma ko suna gwada samfurin IAEA-S-1 na hukumar makamashin nukiliya da ke Biyana, wanda aka tsayar a kan -0.3. A kuma cusa samfuri ɗaya sau biyu da lamba daban ba tare da an gaya musu ba.