Wata biyu a lesin ɗin turanci na wajen Bauchi Road

Masu tambayata kan lesin ɗin nan da nake zuwa bayan la'asar, to ga abin da na gani. Ni dai kayan gwari nake saidawa a kasuwar Farin Gada ta Jos, dankalin turawa da kabeji da karas muke lodawa Legas da Fatakwal, kuma yanzu rabin cinikin a WhatsApp ake yinsa. Wata madam 'yar Legas ce ma ta ingiza ni, na rubuta mata "I leave in Jos" sai ta bugo hankali tashe wai yaushe zan tashi, wa zai dinga turo mata kaya. Ni a Jos nake zaune nake nufi, ashe ce mata na yi zan bar gari.

Da na ba malam labarin sai da ya yi dariyarsa ta ishe shi, ya ajiye darasin ranar muka ci awa guda kan live kaɗai. Yace in zama ko rayuwa kake nufi a taƙaice ake faɗa, "liv", kana jan bakin ka koma leave wato tafiya. Rubutun nan ɗaya in ka karanta shi "laiv" kuma ma'ana ta juya, shi ne kai tsaye irin tafsirin da ake haskawa a Facebook da azumi, shi ne live wire na masu wayarin, waya mai wuta a jiki, shi ne live chicken kaza mai rai ba ta firiza ba. Wani mai keke a bayana yace malam to stay fa? Yace a wajen Bature stay ɗan zama ne kamar kwana 3 a otal, live kuma inda ka kafa tukunya, amma anan kowa ya gane "where do you stay" kar mu takura kanmu. Nan ya saye ni wallahi, baya raina turancinmu na kasuwa.

Inda suka gaza shi ne ɗakin. Mun fi 30 a kan benci, tagar baya ba gilashi ga sanyin Jos da magariba, in an ɗauke wuta kuma janareto a bakin ƙofa yake, kai da ka zo jin bambancin liv da leave ina za ka ji? Duk mai zuwa ya zo da wuri ya kama gaba, ya taho da rigar sanyi. Dubu 5 a wata dai ban ga tsadarsa ba.

Madam ɗin na gyara mata rubutun, ta turo dariya da odar buhu 10. A baki ne har yanzu sai na ɗan tsaya kafin in faɗa.