Darasin tarihin Turai da na sayo a rumfar mai turi a Wudil

Ranar Juma'ar da na kai raguna biyu kasuwar Wudil, na tsaya rumfar wani yaro mai turi don ya sa mini karatun Alƙur'ani a memori. Yana cikin turawa ya ce, "Baba, akwai darasin tarihi da Hausa, kashi goma sha biyu, kan yadda iyayen ƙasa suka mallake manoma a Turai. In haɗa maka?" Naira ɗari biyar ya ƙara mini. Lokacin maimai na saurare shi kaf, rediyo rataye a reshen ɗorawa, ni kuma ina bin kunya.

Malamin bai faɗi sunansa ba, amma ya iya koyarwa. Daga faɗuwar daular Rum ta yamma a 476 ya faro, lokacin da hanyoyi suka lalace, fatauci ya ja baya, tsabar kuɗi ta yi wuya. Inda ya kama ni shi ne maganar doki. Barde yana bukatar ingarma da sulke da takobi da mai kula masa da su, sarki kuwa ba shi da kuɗin biyansa, sai ya yanka masa ƙasa da manoman da ke kanta. Ya kawo misalin Shal Martel, shugaban mayaƙan ƙasar Faransa ta da, wanda ya ci wani babban yaƙi a 732, yadda ya riƙa karɓe filayen coci yana raba wa mayaƙansa. Duk wanda ya taɓa ciyar da doki daga kaka zuwa bazara ya san abin da harawa da dawa ke ci, don haka nan take na gane.

Kashi na biyar ya fi kowane daɗi, sau uku na maimaita shi. Shalman, babban sarkin da ya mulki yawancin yammacin Turai, ya rasu a 814, jikokinsa uku suka raba daularsa a 843, ga 'yan Baikin, mahara daga arewacin Turai, suna shigowa ta koguna suna ƙone garuruwa, ga Magiyawa, wasu mahara a kan dawaki, ta gabas. Sarki na nesa, mahara na kusa. Sai manomi ya miƙa gonarsa da wuyansa ga mai ganuwa mafi kusa da shi don ya tsira da ransa. Barde kuma ya durƙusa, ya sa hannayensa cikin na ubangidansa, ya yi rantsuwa, ya ɗauki nauyin fita yaƙi kwana 40 a shekara. Malamin ya kira wannan caffa, kuma wallahi kalmar ta zauna daram. Manomin fa? Kwana biyu ko uku a mako a gandun ubangida, niƙa sai a maniƙarsa kuma a biya, ushirin amfani na coci, barin gari babu izini laifi ne. Da na ji wannan sai da na dogara da fartanya na yi shiru.

Aibinsa biyu. Na farko na mai turin ne: kashi na tara ya yanke a tsakiya, daidai inda Wiliyam na Normandi ya ci Ingila a 1066 ya aika a ƙidaya gonaki da garmuna da dabbobi a 1086. Na koma, yaron ya ba ni haƙuri cikin ladabi, ya ce haka shi ma ya samo shi. Akwai kuma ƙarar janareta a kashi biyu na farko.

Na biyun ya fi damuna. A ƙarshe malamin ya ce wannan tsari daidai yake da sarautarmu ta da. Kama dai akwai. Hakimai suna zaune a birnin Kano, garuruwansu a warwatse, jakadu ke zuwa karɓar kuɗin ƙasa, sai zuwan Turawa aka tura su gundumomi. Kakana ya sha ba mu labarin yadda gari ke tsit idan jakada ya sauka. Amma shi dai kakan nawa ya ce idan zalunci ya yi yawa, talaka kan ɗaure kayansa ya yi ƙaura, wani dagacin ya karɓe shi hannu biyu ya ba shi saura ya share. Waɗanda aka tsare a rinji bayi ne, hukuncinsu daban. Sannan Sarki na iya tuɓe hakimi, alhali a Faransa ƙasar ta zama gado, har wasu barorin suka fi sarkin ƙarfi. Malami mai sani irin wannan bai kamata ya haɗa su a ƙwarya ɗaya ba, don yara za su haddace yadda suka ji.

Ɗana da ke aji biyu na babbar sakandare ya karɓe memorin, ya ce maganar tana cikin darasinsu na gwamnati. Na ce ya saurara, amma idan ya kai kashi na ƙarshe ya zo mu ji tare. Wanda zai saya kuma, ya sa a kunna masa kashi na tara tun a rumfar kafin ya biya.