Wata takwas ina karɓar allurar Xolair saboda asma, ga yadda na same ta

Assalamu alaikum. Tun da na ce an ɗora ni a kan allura saboda asma mata ke ta tambayata wai ya take, ba tsoro? To bari in faɗa muku gaskiya, tsoro kam na ji shi, har sati biyu nayi da takardar asibiti a jaka ban kira na karɓi rana ba.

Ni dai 'yar Kano ce, aure ya kawo ni Ingila, kuma asmata irin ta alaji ce, ƙurar gida da ƙwayoyin da ke cikin katifa da kafet su ke tayar min da ita. A shekara ɗaya sau biyar aka bani prednisolone, ƙwayar da ake bayarwa in asma ta tashi da ƙarfi, ga inhela iri biyu amma duk da haka dare in ya raba sai na tashi zaune ina neman numfashi. Shi ne likita ya tura ni sashen masu asma mai tsanani, suka ɗebi jini suka auna abin da suke kira IgE, wani sinadari a jini da ke jawo alaji, suka auna nauyina, dan da waɗannan biyun ake lissafa yawan maganin. Nawa ya fito 300mg duk sati huɗu, wato sirinji biyu na 150mg. Ainihin sunan maganin omalizumab, aikinsa ya kama IgE ɗin nan kafin ya tada rigimar da ke toshe ƙirji, kuma ba sabo bane, tun 2003 aka amince da shi a Amurka.

Tsorona kashi biyu ne kuma sai da nas ɗin ta zaunar dani na gane haka. Na farko ita kanta allurar. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san labarin yaron da akai wa allura a ɗuwawu ƙafa ta shanye, ni a layinmu ma akwai, kullum ina ganinsa yana jan ƙafa zuwa makarantar allo, to wannan hoton bai taɓa fita kaina ba. Da na faɗa wa Ummata a waya ita kuma sai ta ɗauko zancen gwajin maganin sanƙarau da akai wa yara a Kano a 1996, tace "ke dai ki kula, kar su mai da ke abin gwaji." Ban ga laifinta ba wallahi, abin ya faru kuma mutane sun rasa 'ya'ya.

Na biyun shi ne wanda ya hana ni barci, dan a takardar maganin an rubuta ɓaro-ɓaro cewa yana iya jawo mummunan borin jiki, maƙogwaro ya kumbura numfashi ya ɗauke. Mai asma ka ce mata numfashi zai iya ɗaukewa ai ka gama da ita.

Anan ne zan yaba wa ma'aikatan sashen nan da zuciya ɗaya. Nas ɗin bata ce min "ba komai" ba, wanda da ta faɗa da ban yarda da ita ba. Cewa tayi eh yana faruwa, amma wajen mutum 1 zuwa 2 ne cikin 1,000, shi yasa allura uku na farko za ki zauna awa biyu a gabanmu, daga baya minti 30. Ta jawo durowa ta nuna min adiranalin, allurar gaggawa ta borin jikin, da iskar oksijin, ta lissafa min alamomin, ƙaiƙayi, borin jini, kumburin leɓe, jiri, tace da kin ji ɗaya ki ɗaga hannu kawai. Sannan ta nuna min tsinin allurar, ɗan ƙarami ne siriri, ƙarƙashin fata ake yi a dantse ko cinya ko ciki, ba ya zuwa kusa da jijiyar ɗuwawun da nake tsoro. Jin wannan kaɗai rabin nauyin ya sauka.

Ranar farko na ce musu ina jin jiri in naga allura sai suka kwantar da ni maimakon zama, na ci abinci kafin in fito kamar yadda suka ce, na kau da kai ina karanta Hasbunallahu a zuci. Ruwan maganin yana da ɗan kauri dan haka yana ɗaukan daƙiƙoƙi kafin ya shige, akwai ɗan zafi kamar cizon cinnaka, ba zan ɓoye ba. Wajen ya ɗan yi ja ya kumbura kwana ɗaya, kuma na yi ciwon kai da yamma, duka an riga an faɗa min. Awa biyun nan ne masu wuya, duk ɗan tarin da nayi sai gabana ya faɗi, amma nas na leƙowa kowane lokaci tana auna ni, har muka kai ƙarshe lafiya.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne jira, daga turawa zuwa allurar farko wata da watanni, ina ta shan wahala a tsakani. Kuma kar wanda ya zata yau akai gobe ya warke, sai an cika sati 16 suke zama su duba ko yana aiki, in baya yi su tsayar. Ni sai wajen allura ta uku na lura na kwana har asuba ban nemi inhela ba. Inhelata ta kullum kuma ban daina ba, sun ja min kunne sosai a kan wannan, allurar ƙari ce a kai, kuma ba ta maganin asmar da ta tashi nan take.

Daga ta huɗu suka koya min yi da kaina a gida. Hannuna ya yi rawa ranar, nas tace "yi a hankali, ba inda zamu je," ta bar ni na gwada har na iya. A firij ake ajiyewa, ba a firiza ba, in fito da ita ta ɗan huce wajen minti 30 dan mai sanyi ta fi zafi. Ina yi ne lokacin da maigida yana nan, shi ma an nuna masa alamomin da lambar da zai kira. Da azumi ya zo na tambayi malaminmu yace allurar da ba ta abinci ba bata karya azumi a wajen mafi yawan malamai, duk da haka na mayar da ita bayan sallar isha dan hankalina ya kwanta.

Wata takwas yanzu prednisolone sau ɗaya kacal na sha. Tsada kam tana da ita sosai, shi ke sa in tuna 'yan uwanmu a gida da ke fama lokacin hunturu in hazo ya sauko, raina ya ɓaci. Disamba nake son zuwa Kano, likita yace in yi allurar kafin in tashi in dawo kafin sati huɗu su cika, Umma kuma har ta fara cewa za ta sa a ɗauke kafet ɗin ɗakin da zan sauka.